Alphadi da Tufafin Sahel: Tsakanin Dandamali da Masaƙa

A cikin ƴan Nijar da sunansu ya zaga duniya ta hanyar sana'ar hannu, da wuya a sami wanda ya kamo ƙafar Sidahmed Seidnaly, wanda aka fi sani da Alphadi. Kimanin shekara arba'in ke nan yana tsara tufafi, ya kai su manyan biranen Turai da Amurka, ya kafa bikin nune-nunen suturar Afirka da ake kira FIMA, hukumar UNESCO kuma ta naɗa shi ɗaya daga cikin masu fasaharta na zaman lafiya a shekarar 2016. Amma duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Yamai ana jajibirin salla, ya dubi abin da mata ke rububin saye da abin da magidanta ke kai wa tela, zai tarar da atamfar Sin da shaddar Turai da leshi ne suka cika rumfuna, marasa ƙarfi kuma suna can wajen masu bosho suna tonon tulin gwanjo. Sunan mutumin ya kai inda ba a zata ba, zaren ƙasarsa kuwa bai bi shi ba. Wannan tazara ita ce ya kamata a auna gadonsa da ita, domin shi da bakinsa ya sha faɗin cewa sutura masana'anta ce mai ciyar da al'umma, kuma adalci ne a gwada mutum da mudun da ya kawo da kansa.

An haife shi a Tumbutu, cikin ƙasar Mali, ranar 1 ga watan Yuni na 1957, a gidan ƴan kasuwa, ya kuma tashi a Nijar. Da ya tafi Faransa karatu, fannin yawon buɗe ido ya karanta, ya dawo ya yi aiki a ma'aikatar da ke kula da wannan fanni, kafin ya bar kujerar gwamnati ya rungumi almakashi. Ya koyi tsara tufafi a makarantar Chardon Savard ta birnin Paris, ya kafa tambarinsa a 1984, a 1985 kuma ya nuna kayansa na farko a wani baje kolin yawon buɗe ido a can Paris ɗin. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na yawon buɗe ido, don za mu sake cin karo da shi. Mutumin da aka horar a kan yadda ake tallata ƙasa ga baƙo ba ya rabuwa da wannan ido, ko da ya canja sana'a.

Sai an tuna yadda ake kallon ɗinki a wancan zamani kafin a gane nauyin abin da ya yi. A Nijar ta shekarun 1980, yaron da ya yi lakwal har ya ƙetare teku, abin da dangi ke jira daga gare shi shi ne ofis da mota da albashi. Keken ɗinki na wanda boko ya ƙi ne, ko wanda bai sami shiga ba. Ɗinkin kayan mata kuma, a ce namiji ɗan gidan mutunci ne ke awon ƙugu da kafaɗa, wannan abin tsegumi ne. Shi kansa ya sha ba da labarin yadda danginsa ba su yi na'am da zaɓin nasa ba tun farko. Ko da bai yi komai ba sai wannan, wato ya sa ɗan boko ya ɗauki allura ba tare da sunkuyar da kai ba, da ya isa a ambace shi.

Sai dai ba a kan fako ya yi shuka ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, ya wuce Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a kasuwar Kano shi ne tufa: saƙi da rini da ake fitarwa zuwa Ghat da Tarabulus, har zuwa Tumbutu, garin da za a haifi Alphadi bayan shekara ɗari da ƴan kai. Turkuɗin da Ba'abzine ke naɗawa, mai sheƙi kamar bayan ƙwaro, wanda ke barin shuɗi a fatar mai shi, a garin Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buge shi, shi ya sa ake ce masa ɗan Kura. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye a tashoshin arewa suna kiranta fatar Maroko, don ba su san inda ta fito ba. Ga maƙeran azurfa na Abzin da tambarin nan na Agadas, wanda Abzinawa ke kira tanaghilt, Faransawa kuma suka laƙaba masa sunan gicciye. Ga masaƙan Zabarmawa da Sanwai masu tera-tera, bargon da ake kai amarya da shi. Ga masu surfanin babbar riga, aska biyu da aska takwas, waɗanda kan share watanni a kan wuyan riga ɗaya. Ashe dai ƙasar nan ta san fataucin ado tun kafin a haifi gidajen ɗinkin Paris. Abin da ya ɓace a zamanin mulkin mallaka da bayansa shi ne kasuwar da martabar, hannun kuwa yana nan.

Alphadi na cikin tsarar da ta yi niyyar maido da wannan martaba. Jagoransu shi ne Chris Seydou na Mali, wanda ya ɗauki bogolan, zanen da matan Bambara ke rinawa da laka, ya yanka shi ya mai da shi kwat da siket, ya rasu a 1994. Akwai Oumou Sy a Dakar, akwai Pathé'O, ɗan Burkina mazaunin Abijan, wanda Nelson Mandela ya sa rigunansa, akwai Kofi Ansah a Gana. A 1998 gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ta ba da babbar kyautarta ga fasahar suturar Afirka, aka raba ta tsakanin Alphadi da Oumou Sy da Tetteh Adzedu na Gana. Kowannensu ya koma ga abin da kakanninsa suka saƙa. Rabon Alphadi a cikin wannan aiki shi ne Sahel da Sahara: azurfa, da fata, da saƙin hannu, da surfani, da naɗin rawani.

To, a nan ne mai sharhi ya kamata ya tsaya ya dubi rigar kanta, abin da masu yabo da masu zagi duka ba su cika yi ba. Adon ƙasar Hausa da na Abzin a kan yalwa aka gina shi. Babbar riga ba ta bin jiki, jiki ne ke ɗauke da ita kamar yadda raƙumi ke ɗauke da kaya, kuma kyanta yana cikin faɗinta da nauyinta da sheƙin bugu da ƙarar da sabuwar shadda ke yi idan mai ita ya ɗaga hannu ya maida ta kafaɗa. Haka zanen mace da mayafinta: gwanintar tana cikin ɗauri da yafawa, abin da mai sawa ke yi da kanta kowace safiya, tela bai da hannu a ciki. Masaƙinmu yana saƙa ƙwarya siririya, a jera a haɗa, don haka ba a son a sa wa saƙi almakashi sai dole. Yanka shi ɓarna ce. Ɗinkin Paris kuwa a kan yanka aka gina shi. Ana auna jiki gaɓa gaɓa, a yanke yadi ya bi lanƙwasarsa, abin da ya saura a zubar. A wajensu jiki ne abin nuni, yadi bawansa ne. A wajenmu yadi ne abin nuni, jiki kuwa a rufe yake.

Mafi yawan abin da ya sa sunan Alphadi ya fita, haɗa waɗannan biyu ne: yankan can, adon nan. Za a ga doguwar rigar dare mai bin jiki irin ta Turai, amma ƙirjinta ɗauke da azurfar Abzin, ko bakinta da saƙin tera-tera, ko ɗamararta ta jar fata. A inda ya yi nasara, kuma ya sha yi, kayan gargajiyar ne ke mulkin rigar, su ke faɗa wa almakashi inda zai bi, har a ga mayafi da rawani sun sami sabon rai ba tare da sun rasa kamalarsu ba. A inda ya gaza, adon namu ya zama ɗan rakiya, an liƙa shi a jikin rigar da ko babu shi za ta tsaya, kamar yadda ake rataya ƙwarya a bangon otal don baƙo ya san Afirka ya zo. Ni a ganina ayyukansa masu yalwa, waɗanda ya bar yadi ya zuba yadda ya ga dama, su za su fi daɗewa, ko da yake ba su ne jaridun waje suka fi ɗauka hoto ba. Jaridun nan ne kuma suka yi ta kiransa da laƙabin mai sihirin hamada, laƙabin da ya karɓa hannu biyu. Laƙabi ne mai daɗin ji, amma yana da illa: sihiri ba ya da masaƙi, ba ya da marini, ba ya da awon kwana nawa aka yi ana aiki. Abu ne da ke fitowa daga rairayi haka kawai.

Wannan ya kawo mu ga Tigidit. A watan Nuwamba na 1998 aka yi FIMA na farko a gindin duwatsun Tigidit, kudu da Agadas, a fili fetal inda babu wuta babu ruwa, aka kafa tantuna da dandamali, aka kwaso baƙi da jiragen sama. Manyan gidajen ɗinki irin su Yves Saint Laurent da Christian Lacroix da Kenzo suka aiko da kayansu, aka nuna su kafaɗa da kafaɗa da na masu tsara tufafin Afirka. Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara ya mara wa abin baya. Shekara uku ke nan da sa hannu a kan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da ta kawo ƙarshen tawayen arewa, yankin Agadas kuma yana neman hanyar da masu yawon buɗe ido za su dawo, domin da su ne direbobi da masu jagora da maƙera da masu masauki ke ci. Ta wannan fuska bikin ya yi abin da aka shirya shi don shi: ya nuna wa duniya cewa ana iya kwana a hamadar Nijar lafiya. Tsohon ma'aikacin yawon buɗe ido ya san aikinsa. Babu kuma mai musun ƙarfin halin da ke cikin cewa Paris ta taso ta zo, maimakon kullum mu ne masu zuwa da ƙoƙon bara. Amma a lura da abu guda: taron farko na suturar Afirka a Nijar an yi shi ne a inda talakan Nijar ba zai iya zuwa ba. Ƴan kallon baƙi ne da manyan gwamnati, mutanen ƙasa kuwa labari suka ji.

Da aka kawo bikin gida, sai labari ya sha bamban. A watan Nuwamba na 2000 aka shirya karo na biyu a Yamai, a bakin kogin Isa, zamanin Shugaba Tanja Mamadu. Ƙungiyoyin addinin Musulunci da dama suka tashi suka ce ba su yarda ba, wannan yaɗa tsiraici ne da fasadi. Aka yi zanga-zanga a Yamai, jami'an tsaro suka watsa ta. A Maraɗi kuwa, mai nisan fiye da kilomita 600 daga dandamalin, abin ya zama tarzoma: aka far wa mashaya da rumfunan caca da gidajen mata masu zaman kansu, aka sa wa majami'u wuta. Gwamnati ta kama mutane, ta rusa wasu ƙungiyoyi, biki kuma ya gudana cikin tsaro. Masaniyar tarihin nan Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta yi nazarin wannan tarzoma, ta nuna yadda fushin da aka ɗauko a kan baƙin da ba a iya kai wa gare su ya sauka a kan maƙwabta marasa gata.

Babu wani uzuri ga wanda ya ƙona ɗakin matar da ba ta taɓa jin sunan FIMA ba, balle ta hau dandamali. Wannan zalunci ne, kuma addinin da aka fake da shi bai yarda da shi ba. Amma wanda ya tsaya nan ya ce jahilci ne kawai ya yi karo da wayewa, bai fahimci shekarar 2000 ba. A shekarar ce jihohin arewacin Nijeriya, daga Zamfara zuwa Sakkwato da Katsina da Kano, suke ƙaddamar da shari'a, Maraɗi kuwa da Katsina kamar ɗaki da zaure ne. Shekara shida ke nan da karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Malaman makaranta da ke karanta wannan shafi ba sa bukatar a tuna musu watannin da aka yi ta bin gwamnati bashin albashi, da shekarun karatu da suka tafi a banza. A cikin wannan hali ne talaka ya ji ana shirya bikin ƙawa da hannun hukuma a ciki. Tambayar da ya yi, me wannan zai ƙara mini, tambaya ce ta mai hankali, ko da waɗanda suka yi amfani da ita sun kai ta inda bai dace ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi zurfi, wanda ke cikin harshen kansa. Kalmar da Bahaushe ke amfani da ita idan yana son girmama tufafi ita ce sutura, kuma asalinta daga Larabci rufewa take nufi. Da ita muke roƙon Allah ya suturta mu, da ita muke kiran likkafani da jana'iza. Tufa a wajenmu ƴar'uwar rufin asiri ce. Kalmar Faransanci da ke cikin sunan bikin kuwa, wadda muke fassarawa da yayi, tana nufin abin da ke zuwa ya wuce, a nuna shi bana a yar da shi baɗi. Duk wanda zai kafa bikin yayi a ƙasar sutura, wajibi ne ya zauna da mutane ya yi musu bayani da harshen da suke mafarki da shi. Hujjojin kuwa suna nan birjik. Mutanen da ke kashe dukiya a kan lefe, masu lalle da kitso da turaren wuta, masu hawan salla da dawakai sanye da kayan ado, ba za a ce ba su san ƙawa ba. Alphadi Musulmi ne, ya kuma sha faɗin haka, yana ƙarawa da cewa sana'arsa ciyar da iyalai take yi. Sai dai mafi yawan wannan bayani da Faransanci aka yi shi, ga ƴan jaridar waje da ƴan bokon birni, alhali masu suka da Hausa da Zabarmanci suke wa'azi, a masallatai da kasakasai. Ɓangare ɗaya ya yi magana da duniya, ɗayan ya yi magana da unguwa. Har yau ban ga alamar an yi wannan zama yadda ya kamata ba, kuma laifin bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. Mu ma masu rubutu da ƙungiyoyin al'adu da ke iya harsunan biyu muna da kaso.

Ta fuskar kasuwanci, mutumin bai zauna ba. A 1999 ya fito da Alphadi Bis, kayan matasa masu sauƙin kuɗi, ya kuma haɗa gwiwa da kamfanin Wrangler a kan wandunan jin. A 2000 ya fitar da turare mai suna l'Aïr, wato sunan duwatsun Abzin. Ya buɗe kantuna a Yamai da Abijan da Paris. Ya shugabanci tarayyar masu tsara tufafin Afirka tun 1994. Duk wannan ya nuna ya fahimci abin da gidajen Turai suka daɗe da sani, cewa rigar dandamali talla ce, riba tana cikin turare da jaka da kayan da aka ɗinka da yawa aka jera a kanti.

Amma a nan ne ƙasa ta kasa ɗaukar nauyin mafarkin. Kayan kanti suna bukatar masaƙa mai fitar da yadi iri ɗaya dubu, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da majema ta zamani, da bashin banki mai sauƙi. Masaƙar Yamai, wadda aka sani da Nitex, daga baya Sonitextil, ta yi ta canja suna da masu ita ba tare da ta iya tufatar da ƙasa ba. A ƙetaren iyaka ma, manyan masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda a da suke ɗaukar dubban ma'aikata, sun durƙushe a shekarun 2000, kasuwar Kantin Kwari ta cika da atamfar Sin. Fatar jar akuya har yanzu akasarinta ɗanya ko rabin jima take fita, ta bi ta Nijeriya zuwa Turai, ta dawo mana a matsayin takalmi mai sunan wani. Ba Alphadi ya jawo wannan ba, kuma ba mai tsara tufafi ne zai gina masaƙa shi kaɗai ba. Abin da za a iya tuhumarsa da shi, shi da gwamnatocin da suka yi ta ɗaukar hoto da shi, shi ne an bar dandamali ya yi wa masaƙa nisa ƙwarai. Biki na kwana huɗu yana da sauƙin samun mai ɗaukar nauyi, don akwai fitilu da kyamara. Rijiyar rini da ke neman gyara ba ta da mai zuwa ɗaukar hoto.

Maƙwabtanmu na Burkina sun bi wata hanya dabam, kuma kwatancin yana da amfani. A shekarun 1980 Thomas Sankara ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati sa Faso Dan Fani, saƙin hannu na audugar ƙasar. An yi gunaguni, bayan kashe shi a 1987 abin ya ja baya, amma ya sake dawowa da ƙarfi bayan 2014, hukuma ta mai da shi kayan bukukuwanta. Sakamakon shi ne mata masu saƙa suna da mai saye a cikin gida kowane wata, ba sai baƙo ya zo ba. Ba ina cewa a tilasta wa kowa sa tera-tera ba ne; tufar dole ba ta daɗewa a jiki. Abin lura shi ne su sun fara da mai saye, mu mun fara da mai kallo. Kuma idan har Nijar ta iya yi wa kilishi da albasar Galmi rajistar kariya a hukumar OAPI, don kada wani ya ci da sunansu, to saƙin Tera da aikin maƙeran Agadas ba su fi ƙarfin irin wannan kulawa ba.

Akwai wani bashi kuma da duk wannan tsara ta masu tsara tufafi ke ɗauke da shi, ba Alphadi kaɗai ba. A jikin rigar da ta hau dandamali suna ɗaya ake liƙawa. Wanda ya saƙa, da wadda ta kaɗa zaren, da maƙerin da ya zuba azurfar, da badukun da ya yi ɗamarar, duk sun narke a cikin kalmar masu sana'ar gargajiya. A al'adarmu kuwa ba haka abin yake ba: mai sayen babbar riga ya san garin da aka yi surfaninta, sau da yawa ya san gidan. Duk wanda ya zaga rumfunan masu sana'a na Wadata, ko na gidan tarihi na Bubu Hama, ya san akwai gwanaye a can waɗanda abokan sana'arsu ke gane aikinsu da kallo ɗaya. Tsarin Paris na ɗaukaka mutum ɗaya a kira shi mai ƙirƙira, sauran su zama hannuwa, an shigo da shi tare da almakashin ba tare da an tace shi ba.

Bikin kansa ya zama ɗan gudun hijira a hankali. Tawaye ya sake ɓarkewa a arewa daga 2007 zuwa 2009, aka sace Turawa a Arlit a 2010, aka sace wasu biyu a tsakiyar Yamai a watan Janairu na 2011, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. A 2015 aka ɗage FIMA saboda fargabar tsaro. A watan Disamba na 2016 aka mai da shi Agadas, garin da UNESCO ta sa tsohon birninsa cikin kayan tarihin duniya a 2013, kuma a ganina wannan ne karon da ya fi dacewa da manufarsa, don an yi shi a cikin gari, kusa da maƙeran da aikinsu ya daɗe yana hawa dandamali ba tare da su ba. A 2018, cikar shekara ashirin, sai aka kai shi Dakhla, a yankin Yammacin Sahara da Maroko ke riƙe da shi ake kuma jayayya a kansa, a 2022 kuma Rabat. Mai kuɗin kiɗa shi ke zaɓen filin rawa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma bikin da aka kafa don ya jawo duniya zuwa Nijar, idan ya koma yi a wata ƙasa, telan Katako da masaƙin Tera ba su da abin da za su tsinta a ciki.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce ba a bar komai ba. Gasar matasan masu tsara tufafi da FIMA ta riƙa shiryawa ta ba yara da dama daga ƙasashen Afirka dandamalinsu na farko. Makon nunin tufafi na Dakar da Adama Paris ta kafa a 2002, da na Legas da aka fara a 2011, sun taso ne a filin da su Alphadi da Oumou Sy suka share. A watan Janairu na 2020 Imane Ayissi ɗan Kamaru ya shiga jerin masu nuna ɗinkin ƙasaita a Paris bisa gayyatar hukumar sana'ar, abin da a 1985 ko a mafarki ba a kawo shi. A 2022 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya buɗe babban nunin suturar Afirka, ya sa Alphadi cikin magabata biyar da ya keɓe wa wuri, tare da Chris Seydou da Kofi Ansah da Shade Thomas-Fahm ta Nijeriya da Naïma Bennis ta Maroko. A Yamai kanta, yau yarinya mai digiri tana iya cewa tsara tufafi take yi, ta buɗe shago, ta tallata kayanta a Facebook da WhatsApp, iyayenta su yi alfahari. Abin sha'awa kuma, da yawa daga cikin waɗannan matasa abaya da doguwar riga da mayafi suke tsarawa, ga masu saye na cikin gari. Wato sulhun da aka kasa yi da baki a 2000 tsakanin sutura da yayi, ƴaƴan da aka haifa a lokacin suna yin sa da keken ɗinki, ba tare da sun nemi izinin kowane ɓangare ba.

Shekaru da dama Alphadi yana maganar kafa babbar makarantar koyon tsara tufafi da fasaha a Yamai, kuma a cikin dukan burace-buracensa wannan ne ya fi kusa da zuciyar malami. Abin da zan so a tambaya tun yanzu shi ne me za a koyar a irin wannan makaranta, da wane harshe, kuma wa zai tsaya gaban allo. Idan littattafan Paris kaɗai za a buɗe, za a yaye yara masu iya yankan kwat waɗanda ba su san bambancin saƙi da barage ba, ba su san yadda ake haɗa baba da toka a karofi ba, ba su taɓa jin dalilin da ya sa ake bugun turkuɗi ba. Waɗanda suka san waɗannan abubuwa tsofaffi ne, yawancinsu ba su da takardar shaidar da za ta ba su damar koyarwa a makarantar hukuma, ƴaƴansu kuma da yawa sun koma kabu-kabu da sayar da katin waya. Ƙungiyar al'adu da ke da na'urar ɗaukar murya da ɗalibai goma za ta iya tattara sunayen ɗinki da na saƙa da na rini na gunduma guda a hutun damina ɗaya, da sunan kowane gwani da garinsa, kafin a kai ga maganar gini da kujeru.